Shekarar da Gawayi Ya Fara Dundumi

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ina zaune a gidan abincin nan na saman bene da ke bayan kasuwar Canaan a nan Guangzhou, sai Mubarak da abokinsa Razak, mutumin Kumasi, suka jawo kujeru suka zauna kusa da ni. Dukansu tufafi suke saya suna turawa gida, kuma dukansu sa'o'in ɗana na fari ne. Mubarak ya miƙo mini wayarsa. Hoton wani kwikwiyo ne, da farashinsa a ƙasa.

Ya ce, "Baba Isiya, ashe abin da kake ci ke nan ka yi shiru. Mun yi shawara ni da Razak. Za mu sayi mace ɗaya da namiji ɗaya, mu ajiye su a ɗakin da muke tara kaya. Su za su yi aikin da kansu, mu namu sayarwa."

Razak ya ce, "Ba kwastan, ba kwantena, ba dako."

Na ce su bari in gama tuwona. Da na gama kuma wurin ya cika da hayaniya, sai na yi musu alkawarin zan zauna in faɗa musu yadda sana'ar take, su da duk wanda ke da irin tunaninsu. Ga shi nan.

Ni ɗan mafarauta ne, daga wani ƙauye a kudancin Kano. Na tashi na ga karnuka a gidanmu kamar yadda wasu ke tashi su ga awaki. Ba don kare na zo Guangzhou ba. Yayana ne ya turo ni in riƙa saya masa kaya a kasuwar Shisanhang ina tura masa. Wata rana na kai kaya wani rumbun kago kusa da filin jirgin Baiyun, na tarar da wata mata 'yar ƙasar da ma'aikata suna fama da wani kare ya shiga akwatin tafiya, ya ƙi. Suna ja, yana turjewa, jikinsa na rawa. Na ce su ja baya. Na tsuguna na juya masa gefena, ban kalle shi a ido ba, na bar shi ya shinshina hannuna har ya gaji. Daga nan na jefa gutsuren nama can cikin akwatin, ya shiga da ƙafarsa. Matar ita ce Madam Fong. Tana da gidan kiwon karnuka a bayan gari wajen Huadu, iri ɗaya tak take kiwo, wanda ake kira Labrado, masu faɗin kai da sanyin hali. Ta ba ni lambarta. Da kasuwar yayana ta ja baya, na kira ta, ta yi mini takardun aiki, na koma can. Yau shekarata kusan goma sha biyu a can.

Aikin da ta fara ba ni wanki ne. Wanke kwanuka, wanke ɗakuna, kwashe kashi, wanke tawul a shanya. A bakin kowace ƙofa akwai faranti da ruwan magani, sai ka tsoma takalmin robarka kafin ka shiga, ka sake tsomawa in za ka fito. Na yi watanni ban taɓa kwikwiyo ba. Na ce mata, "Lawban, ni fa a cikin karnuka aka haife ni." Lawban shi ne yadda ake kiran mai gida a nan, mace ko namiji. Ta tambaye ni, in karyarmu ta haihu a gida, a ina take haihuwa? Na ce a ƙarƙashin rumbu. Ta ce nawa ke rayuwa? Na ce waɗanda Allah ya raya. Ta ce, "To a nan kowane ɗaya akwai gidan da ke jiran sa tun yana ciki. Ci gaba da wanki." Daga baya na gane akwai wata cuta ta amai da gudawar jini da mutum ke kwasowa a tafin takalmi, ta share 'ya'yan karya gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki. Wanda bai iya wanki ba ba a ba shi jariri.

'Yan uwanmu a Canaan sun yi ta tsokanata, har yau wasu Sarkin Karnuka suke ce mini. Tun farko na tambayi malamai, suka ba ni amsar da na gamsu da ita. Kayan aikina daban, kayan sallata daban, kuma ɗakina babu karen da ke shiga. Ban taɓa jayayya da kowa a kai ba.

Haihuwar farko da aka bar ni na tsaya a kai, ta wata karya ce mai ruwan ƙasa-ƙasa da nake kira Zuma. Kowane kare yana da sunansa na Sinanci, amma ni sunan Hausa nake sa musu, kuma suna amsawa. Tun saura mako muka fara auna zafin jikinta safe da yamma, don in naƙuda ta kusa zafin yakan sauka. Da hantsi ta fara tonon tsumma tana haki. Muka kai ta akwatin haihuwa, wani faffaɗan akwatin katako mai sanduna a zagaye ta ciki, don in uwa ta kwanta ta jingina, ɗan da ya shiga bayanta ya sami wurin fakewa kada ta danne shi. A gefe mun jera tawul masu tsabta, almakashi da aka dafa, zare, sikeli, da fitilar ɗumi. Na uku ya fito ba ya motsi. Ni da na ɗauka ya mutu ne, har na miƙa hannu zan ajiye shi gefe. Madam Fong ta karɓe shi, ta yage jakar da ke fuskarsa, ta tsotse majinar hancinsa da ɗan famfon roba, ta sa shi a tawul, ta miƙo mini. Ta ce, "Goga. Da ƙarfi, kamar kana so ka ba shi haushi." Na yi ta gogawa har hannuna ya gaji, sai na ji ya yi wata 'yar ƙara kamar ɓera. Ta ce in sa shi a nono nan take, don dakashin nan na farko shi ne garkuwarsa kafin a kai ga allura.

Daga ranar haihuwa kuma babu hutu. Kowanne a ɗaura masa zare mai launi daban a wuya don a bambance su. Kowace safiya a ɗora shi a sikeli. Wanda nauyinsa ya tsaya, ka san ƙannensa masu ƙarfi suna ture shi ne, sai ka ware shi da uwar ya sha shi kaɗai, in bai isa ba ka ƙara masa da bulumboti. A yanke musu farce kada su yayyage uwar. A ba su maganin tsutsa a kan lokaci. Ga kuma yanayin garin nan. Kun san lokacin nan na bazara da bango ke zufa, tayil ya yi santsi, wanki ya kwana uku bai bushe ba. A lokacin shimfiɗar jarirai sai a canza ta sau da yawa a yini, injin tsotse danshi yana aiki ba tsayawa, in ba haka ba fatarsu ta yi ƙuraje. Ɗakin da kuke tara dilolin kaya, ba taga, ba magudanar ruwa, ku yi tunanin abin da zai zama.

In sun buɗe ido sun fara tafiya, wani aikin ne sabo. Kwikwiyon da bai saba da duniya yana ƙarami ba, matsoraci zai zama, kuma matsoracin kare shi ne mai cizo. Sai ka riƙa ɗaukar su kullum, ka taɓa kunne, ka buɗe baki, ka riƙe ƙafa. Ka kunna rediyo, ka yar da murfin tukunya, ka buɗe lema a gabansu, ka sa su taka ciyawa da siminti da tabarma. Ni har da babbar riga nakan shiga musu, su saba da mutum mai yalwar tufafi.

Amma duk wannan bayan haihuwa ne. Babban aikin kafin barbara yake, kuma shi ne wanda ba a gani a hoton waya. Akwai wata karya baƙa da muka rena tun tana jaririya, ban taɓa ganin mai kyanta ba. Muka jira ta cika girma, kusan shekara biyu, don ba a haɗa ƙaramar karya. Muka kai ta asibitin dabbobi, aka yi mata allurar barci, aka ɗauki hoton ƙashin ƙugunta da na gwiwoyin gaba. Likita ya nuna mana a allo: kan ƙashin cinyar bai zauna daram a cikin gurbinsa ba. Ita kam tana gudu tana tsalle, ba ɗingishi ko kaɗan. Na ce, "Lawban, lafiyarta ƙalau fa." Ta ce, "Yau. 'Ya'yanta kuma fa?" Aka yi mata aikin hana haihuwa, aka ba wani malamin makaranta ita, aka gaya masa kada ya bari ta yi ƙiba. Shekara biyu na abinci da allura da wahala, ba ta haifa mana ko ɗaya ba. Haka ake duba zuciya, a duba ido, a bi asalin uwa da uba don kada a haɗa 'yan uwa na kusa. Wadda ta haihu kuma sai ta huta, ba a jera mata ciki a kan ciki, kuma in ta fara manyanta a sallame ta daga haihuwa, a ci gaba da ciyar da ita.

Masu saye kuwa, Madam Fong ta fi tambayarsu fiye da yadda suke tambayarta. Hawa na nawa kake? Wa ke gida da rana? Matarka ta yarda? In bai gamsar da ita ba, sai ta ce "meyo," wato babu, alhali ga 'yan kwikwiyo suna wasa a bayanta. Wani Alhaji mai harkar kago ya taɓa zuwa ta hannuna, yana so a ba shi ɗan wata ɗaya ya haɗa da kayansa na jirgin jibi. Na ce ba a raba ɗa da uwa sai ya yi wata biyu aƙalla, wanda zai hau jirgi kuma sai ya fi haka nesa, sai an gama masa allurai har da ta haukar kare, likitan hukuma ya duba shi. Ya ce, "Malam Isiya, kare ne fa, ba amarya ba." Ya je wata kasuwar dabbobi ya saya a ranar. Bayan mako biyu muka haɗu, na tambaye shi, ya ce karen bai kai Legas da rai ba.

Hajiya Rabi daban ce. 'Yar Kano ce da ke zaune a Abuja, tana zuwa sayen kayan mata a Shisanhang. Wani ne ya ba ta lambata. Ta zo har Huadu a tasi, ta tsaya nesa da keji tana tattare mayafinta.

Ta ce, "Malam Isiya, ni ba mai son kare ba ce, kada in yi maka ƙarya. Ina da 'ya, Safiya, shekararta takwas. Ba ta cika magana ba, ba ta son a taɓa ta, ƙara kaɗan sai ta toshe kunnuwa. Ba ta da ƙawa ko ɗaya. Likitarta ce ta ce mu gwada dabba mai sanyin hali. Dangin babanta sun ce na haukace."

Na fassara wa Madam Fong. Ta yi mata tambayoyinta duka, har da ko gidan yana da inuwa da wanda zai riƙa cire kaska. Sannan ta ce ta jira haihuwa mai zuwa, kuma ba ita za ta zaɓa ba, mu za mu zaɓa mata. A cikin 'ya'yan da Zuma ta haifa da babban namijinmu, wani baƙi wuluk da nake kira Gawayi, akwai wata fara-fara wadda in an yar da murfin tukunya sai ta ɗaga kai kawai ta duba, ta koma abin da take yi. Na sa mata Madara. Ni na koya mata zama da kwanciya da tafiya ba ja, da Hausa. Ni na kai ta Baiyun. Bayan wata biyu Hajiya ta turo mini hoto: yarinya zaune a kan tabarma a baranda, ta ɗora ƙafa ɗaya a bayan Madara.

Gawayi shi ne ƙashin bayan gidan. Madam Fong da ƙanenta suka haɗa hannu suka sayo shi daga nesa. Hoton ƙugunsa ba aibi, zuciyarsa lafiya, likitan ido ya duba shi yana matashi bai ga komai ba. Mutane kan yi layi don ɗansa. Yana kusan shekara biyar, wata rana da magariba na buɗe musu ƙofa su koma ɗaki, sauran suka wuce da gudu, shi ya tsaya a bakin matakala yana laluben ta da ƙafa. Washegari da rana ya hau ta ba matsala. Da magariba ya sake tsayawa. Rana ta uku ya yi karo da bokitin da na ajiye a hanya. Na ce wa Madam Fong, "Lawban, Gawayi yana dundumi."

Likitan ido ya haska shi, ya daɗe yana dubawa. Ya ce abin da ke can bayan idon, mai karɓar haske, shi ne ke mutuwa a hankali. Ba ya ciwo, ba shi da magani, ƙarshensa makanta. Kuma gado ne. Ba ya nunawa sai kare ya girma, shi ya sa dubawar farko ba ta kama shi ba. Ya ce yanzu akwai gwajin da ake yi da yawu, a goga auduga a cikin kunci a aika ɗakin bincike, ya nuna wanda zai makance, da wanda ke ɗauke da abin kawai ba zai same shi ba, da wanda ya tsira sarai. Lokacin da aka sayi Gawayi gwajin bai yaɗu a nan ba. Sai ɗa ya gado daga uwa da uba duka biyu yake makancewa. Muka goga wa dukkan karnukan gidan. Sauran matan suka fito sarai. Zuma tana ɗauke da shi. Ma'ana, duk 'ya'yan Gawayi suna ɗauke da abin, waɗanda kuma ya haifa da Zuma kusan rabinsu za su makance. A lokacin akwai sabbin jarirai nasu a akwati, duk masu saye sun riga sun kama su.

Ƙanen Madam Fong ya zo daga cikin gari. A gabana suka yi maganar, a tsakar gida. Ya ce a daina haɗa Gawayi, shi ke nan, a yi shiru. Ya ce, "Sai bayan shekaru zai nuna. Wa zai ce daga wurinmu ne? Mu ma ai ba mu sani ba."

Ta ce, "Jiya ba mu sani ba. Wasu daga cikin masu sayen nan za su haɗa nasu da wasu karnukan. In mun yi shiru, abin zai bazu, kuma daga ƙofar nan ya fita."

Ya ce in ta kira mutum ɗaya, ya cire hannunsa. Ta shiga ofis ta ɗauki waya.

Shekarar nan ba mu ga da kyau ba. Wasu sun yi godiya, sun kawo karnukansu aka goga musu. Wasu sun zage ta. Wani ya zo ya ɗaure nasa a ƙofarmu ya tafi, ko sallama bai yi ba, kuma da aka gwada karen ma ba zai makance ba. Magana ta bazu a zaurukan waya cewa gidan Madam Fong makafi yake sayarwa. Waɗanda suka kama jarirai suka fasa. Ƙanenta ya cika maganarsa. Ma'aikata biyu suka tafi, ya rage ni da ita, da karnuka da ba su san an shiga wani hali ba, cinsu kawai suke yi. Ta sayar da motarta, muka koma ɗauko buhunan abinci a babur mai ƙafa uku. Jariran da gwaji ya nuna za su makance, muka riƙe su har suka isa aikin hana haihuwa, muka ba waɗanda suka ji gaskiyar kuma suka ce suna so. Gawayi ma aka yi masa aikin. Zuma kuwa ba mu yar da ita ba. Mai ɗauke da abin, in an haɗa ta da namijin da ya tsira sarai, babu ɗan da zai makance. Wannan ma ilimi ne da sai an koya, don wanda ya firgita ya zubar da duk masu ɗauke da shi, zai zubar da karnuka masu kyau a banza.

Kiran Abuja ni aka bar wa, tunda ni ke jin Hausa. Na gaya wa Hajiya Rabi abin da ake ciki, na ce ba mu tabbatar ba tukuna sai an gwada. Na ba wani mai tafiya gida audugar a cikin kwalbarta, na tura mata bayanin yadda ake gogawa, wani mai dawowa ya kawo. Sakamako ya fito. Madara za ta makance.

Na sake kira. Na faɗa mata kai tsaye.

Ta ce, "Malam Isiya, na bar masu sayar da kare a Abuja na tafi har China, don an ce ku kuna dubawa."

Na ce, "Haka ne, Hajiya. Mun duba abin da ake iya dubawa a lokacin. Wannan bai nuna ba."

"Ka san yarinyar nan yanzu tana fita tsakar gida? Ka san ran nan ta bari na taje mata kai, don tana riƙe da kunnen karyar nan? Yanzu me kake so in ce mata?"

Na ce Madam Fong ta ce a ba ta wata, wadda aka gwada, mu kai mata har Abuja, Madara kuma a dawo mana da ita mu riƙe ta har ƙarshen ranta.

Ta ce, "Wata? Ko cokalinta aka canza mata ba ta cin abinci. Kai kana ganin za ta karɓi wata?" Ta kashe wayar.

Kwana biyu ban ji ta ba. Rana ta uku ta kira da kanta, muryarta a daidai, kamar mai cinikin kaya. Ta ce, "Shekara nawa ya rage tana gani?" Na ce ba wanda zai yanke, amma akwai sauran lokaci, kuma da dare zai fara. Ta ce, "To gaya mini abin da za mu yi kafin lokacin."

Na gaya mata abin da muke yi wa Gawayi. Kare da hanci da kunne yake rayuwa fiye da ido. A bar kujeru da kwanon ruwa inda suke, kada a riƙa sauya musu wuri. Kada a bar bokiti ko takalmi a hanya. A yi mata magana kafin a taɓa ta. Tun yanzu tana gani a koya mata kalmomi: "hawa" a gindin matakala, "sauka" a samanta, "tsaya" in akwai abu a gaba. Wanda zai riƙa yawo da ita ya ɗaura 'yar ƙararrawa a hannu. Na yi ta tura mata saƙon murya, tana turo mini tambayoyi, har abin ya zama ba sai ta tambaya ba. Daga baya muka daina jin juna sai gaisuwar salla.

Gidanmu ya farfaɗo a hankali. Likitocin dabbobi da suka ga abin da ya faru su suka fara turo mana mutane. Yanzu ba ma haɗa kowane kare sai an goga masa, kuma mai saye yana ganin sakamakon uwa da uba kafin ya ga ɗan. Ba mu koma yawan da muke da shi da ba, Madam Fong ta ce hakan ya ishe ta.

Bara Hajiya Rabi ta zo sayen kaya, ta kira ni ta ce tana hanya. Ta sauka daga tasi, muka gaisa, ta gaisa da Madam Fong da ɗan Sinancin kasuwa da ta iya. Ta ce Madara ta makance sarai tun shekara biyu da suka wuce. Ta buɗe waya ta nuna mana bidiyo. Safiya ta yi tsawo, ta zama budurwa. Tana tafe a tsakar gida da ƙararrawa a wuyan hannu, Madara na bin ta a gefe, kanta na gogar gwiwar yarinyar. Da suka iso matakalar baranda yarinyar ta tsaya, ta ce, "Hawa." Karyar ta ɗaga ƙafa ta hau. Madam Fong ta tambaye ni me ta ce, na fassara mata. Ta ce a sake kunna mata.

Hajiya ta ce, "Yanzu Safiya ce mai gadin gidan. Baƙo ya cire takalmi a hanya, sai ta ɗauke ta jera a gefe. Kujera kuwa ko babanta bai isa ya matsar ba. Ba wai ta zama mai surutu ba ne, kada ka ɗauka haka. Amma abin da ya shafi karyar nan, tana faɗa."

Na tambaye ta ko wani kwikwiyon take so. Ta ce a'a, aike ne ya kawo ta. Da za ta taho, Safiya ta tambaye ta ko Madara tana da baba. Ta ce mata yana China, shi ma ba ya gani. Yarinyar ta ce a gaishe shi.

Na kai ta bayan gida. Gawayi yana kwance a gindin bishiyar da ya saba, haɓarsa ta yi fari fat, idanunsa sun yi hazo. Hajiya ta miƙo mini wayar ta ce in ɗauka. Ta tattare zanenta, ta tsuguna ɗan nesa da shi.

Ta ce, "Gawayi. Safiya tana gaishe ka."

Ya ɗaga kai ya juyo wajen muryar, ya shinshina iska, sannan ya fara buga jelarsa a ƙasa.